MU DUBI SAWUN YARANMU KAFIN MU HURA USUR

Muna yi wa Ubangiji godiya da ya kawo mu ƙarshen wata shekarar karatu lafiya. A sauran shafuffukan wannan mujalla za ku ga hotunan gasar wasanni ta gidaje, da gidan da ya ɗauki kofi, da 'yan maci sanye da fararen safa, da manyan baƙi a ƙarƙashin rumfa. Duk wannan abin farin ciki ne, kuma mu ma mun yi tafi har hannuwanmu suka yi zafi. Amma akwai wani littafi da ba a ɗauki hotonsa ba, wato littafin ɗakin shan magani. Wanda ya buɗe shi ya duba makonnin da suka gabaci gasar da makon da ya biyo bayanta, zai ga kuka iri ɗaya ya cika shafi: gwiwa, ƙwauri, idon sawu, diddige, cinya. Mu da aka danƙa wa lura da wasanni a makarantar nan muna ganin lokaci ya yi da za mu yi wannan magana a fili, gaban iyaye da malamai da dattawan ikilisiya.

Za mu fara da laifinmu. Wata ɗaliba 'yar aji biyar, wadda gidansu ya dogara da ita a tseren mita 1,500, ta zo mana tun saura mako uku gasa tana cewa ƙwaurinta na dama yana ciwo. Ta sa yatsa ɗaya ta nuna wurin. Muka ce mata rashin sabo ne, a shafa man zafi, gobe ta fito. Ta fito, don yarinya ce mai biyayya, kuma 'yan gidansu sun riga sun shirya mata waƙa. Ranar gasa ta zo ta biyu, aka ɗauke ta a kafaɗa, aka zuba mata gulukos a tafin hannu. Bayan kwana biyu ba ta iya hawa matakalar aji. Da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoto, sai ga tsaga a ƙashin ƙwauri. Ta ƙarasa zangon da sanda, mahaifinta ya sayar da hatsin da ya ajiye don kuɗin makarantar ƙanenta. Da muka zauna muka tuna, sai kowannenmu ya ce ai ya lura tana buga ƙasa da ƙarfi in tana gudu, tana jefa ƙafa can gaba kamar mai tsallake kwata. Mun gani, ba mu san cewa abin da muke gani yana da ma'ana ba.

Ra'ayinmu ke nan a taƙaice: kada a sake sa sunan ɗalibi a jerin 'yan tsere sai wani babba ya tsaya ya kalli yadda yake gudu, ya tambaye shi inda yake masa ciwo, an kuma ba jikinsa isasshen lokaci ya saba. Agogon hannu yana gaya mana wanda ya riga isowa, ba ya gaya mana wanda zai yi ɗingishi mako mai zuwa.

Mutane da yawa suna cewa gudu ba abin koyo ba ne, tun da yaro da kansa yake fara shi bayan rarrafe. Akwai gaskiya a ciki. Amma gudun da yaro yake yi ya kori awaki daga gona, ya tsaya, ya huta, ya sake zabura, dabam yake da zagaye fili sau goma sha biyu a kan busasshiyar ƙasar rani, kowace safiya, babu hutu. Bari mu yi ɗan lissafi, malaman lissafi su duba mana. Duk lokacin da mai gudu ya dira a kan ƙafa ɗaya, nauyin da ƙafar take ɗauka yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Ɗalibi mai kilo 50 ke nan yana ɗora wa ƙafa ɗaya kilo 100 zuwa 150 a kowane taku. A gudun kilomita 5 zai yi taku tsakanin 4,000 da 5,000. Idan akwai ɗan kuskure a yadda yake dira, ba sau ɗaya ya yi kuskuren ba, sau dubbai ya yi shi kafin karin kumallo. Ga kuma wani abu da ba a cika sani ba: zuciya da huhu suna saba wa gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa yaro zai ce shi fa bai gaji ba, numfashinsa lafiya lau, alhali ƙwaurinsa ya fara gajiya tuntuni.

To me za a kalla? Ba a bukatar wata na'ura mai tsada. A share wani yanki na fili mai tsawon mita 20 ko 30, a baza rairayi, a bi shi da tsintsiya ya yi sumul, sai ɗalibi ya taho da gudunsa na kullum ya ratsa. Iyayenmu mafarauta da makiyaya suna duban sawu su ce wannan saniya tana ɗingishi a ƙafar hagu, kuma ba su taɓa ganinta ba. Haka sawun mutum yake magana. Idan takun dama ya fi na hagu tsawo a kai a kai, akwai ƙafar da yaron yake tausaya wa. Idan sawun dama da na hagu suna hawa layi ɗaya, ko ma suna giciye, kamar mai tafiya a kan igiya, wannan yakan ƙara wa ƙwauri da gefen gwiwa wahala. Idan yatsun ƙafa ɗaya sun karkata waje sosai fiye da ɗayar, a lura da shi.

Bayan sawu sai kunne. Malami ya juya baya ya saurara. Akwai yaron da zai wuce ka da kyar ka ji motsinsa, akwai wanda za ka rantse sakwara ake kirɓawa. Sau da yawa in ka ce wa na biyun ya yi gudu kamar wanda ba ya so a ji shi, nan take dirarsa za ta yi laushi, ba tare da ka yi masa dogon bayani ba.

Sannan a tsaya a gefe a duba inda ƙafa take sauka. Wannan ne muka fi so mu daɗe a kai, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa a filinmu. Yara suna zaton wanda ya fi buɗe ƙafa shi ya fi sauri, sai su miƙa ƙafa can gaban jiki, gwiwa a miƙe sanƙarau, diddige ya caki ƙasa. Mai yin haka birki yake taka wa kansa a kowane taku, kuma girgizar tana bin ƙwauri ta haye gwiwa. Abin da ake so shi ne ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Hanya mafi sauƙi ta gyara wannan ita ce ƙidaya. A ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, a ninka sau huɗu, an sami yawan taku a minti ɗaya ke nan. A gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles, wani mai horarwa ɗan Amurka, Jack Daniels, ya zauna yana ƙirga takun manyan 'yan tseren dogon zango, ya ga kusan dukansu suna yin 180 ko fiye a minti. Daga nan wasu suka mai da 180 kamar doka, abin da ba daidai ba ne, domin waɗancan zakaru ne a tsakiyar tsere, kuma yawan taku yana canzawa da sauri da tsayin mutum. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne binciken da aka buga a 2011 daga Jami'ar Wisconsin, wanda ya nuna cewa in mai gudu ya ƙara yawan takunsa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ya ƙara sauri ba, nauyin da ke sauka a gwiwarsa yana raguwa. Ma'ana, wanda yake yin 156 ya koma wajen 165, ya gajarta taku ya yawaita shi. Muna da ganguna a makarantar nan, muna da 'yan ƙungiyar mawaƙa da suka san ƙidayar kiɗa. A sa mai ganga ya riƙe bugu a bakin fili, yara su bi da ƙafa.

Daga baya kuma a dubi ƙugu da gwiwa. In ɗalibi ya dira da ƙafar dama sai ƙugunsa na hagu ya zube ƙasa, gwiwar dama ta faɗa ciki, to naman ɗuwawu da na gefen kwatangwalo ba su da ƙarfi. Ana iya gane wannan ko ba a fili ba: ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗan durƙusa a hankali, ya miƙe, sau biyar. In gwiwar tana rawa tana neman 'yar'uwarta, aikin da ke gabansa na ƙarfafa ƙugu ne, ba ƙarin zagaye ba. Malamin da ke da waya mai ɗaukar hoto yana iya ɗaukar gudun ya mai da shi a hankali, ya nuna wa yaron. Gani ya kori ji, kuma mun ga ɗalibin da ya yi ta musu cewa shi ba ya haka, har sai da ya ga kansa ya rufe baki yana dariya.

Yanzu bari mu saurari masu ja da mu, domin wani abokin aikinmu a ɗakin malamai ya kawo hujja mai ƙarfi, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Ya ce in da kyan salo ne ke cin tsere, da Emil Zatopek na Cekosulobakiya bai ci kome ba, mutumin da yake gudu yana murguɗa fuska yana jujjuya kafaɗu kamar ana yi masa azaba, amma a Helsinki a 1952 ya kwashe zinariya uku, a mita 5,000 da mita 10,000 da gudun famfalaƙi. Ya kawo Michael Johnson na Amurka, mai gudu a miƙe ƙyam da gajerun taku, wanda ya yi mita 200 cikin daƙiƙa 19.32 a Atlanta a 1996. Ya kawo Paula Radcliffe ta Ingila mai gyaɗa kai, wadda ta yi gudun famfalaƙi cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a Landan a 2003. Har da Haile Gebrselassie na Habasha, wanda hannunsa na hagu yake a lanƙwashe in yana gudu, saboda shekarun da ya yi yana rungume da littattafai yana gudun kilomita 10 zuwa makaranta. Abokin namu ya ce da waɗannan sun faɗo hannunmu, da mun "gyara" su mun lalata su.

Mun yarda da rabin maganarsa, kuma rabin nan yana da muhimmanci. Babu salon gudu guda ɗaya da ya dace da kowa. Yaron da yake gudu lafiya, babu ciwo, ko da gudunsa bai yi mana kyan gani ba, a ƙyale shi. Ko batun wane ɓangaren ƙafa ya kamata ya fara taɓa ƙasa, wanda aka yi ta gardama a kai, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya nuna cewa 'yan Kenya da suka tashi suna gudu ba takalmi sun fi dira da gaban ƙafa, sai mutane suka ɗauka dira da diddige zunubi ne. Amma da aka ɗauki hoton 'yan gudun famfalaƙi a gasar duniya ta 2017 a Landan, sai aka ga yawancinsu da diddige suke dira. Saboda haka kada wani malami ya tilasta wa yara gudu a kan yatsu, zai jawo musu ciwon agara ne kawai. Inda muka rabu da abokinmu shi ne nan: mutanen da ya lissafa duk suna da masu kallonsu kullum, waɗanda suka san gudunsu na yau da kullum har in ya canza su gane. Ba muna neman mu mai da yara duka su zama kamar sojoji a fareti ba ne. Muna neman a san yadda kowane yaro yake gudu lokacin da yake lafiya, domin ranar da ya fara tausaya wa ƙafa ɗaya a gani da wuri.

Kuma dole mu faɗi gaskiya, yawancin ciwon da ke cikin littafin ɗakin shan magani ba salon gudu ne kaɗai ya kawo shi ba, gaggawarmu ce. Wata tara fili yana hannun awaki, sai saura mako uku gasa a tashi kowa da asuba da bulala, daga wanda bai taɓa zagaye fili ba har gwani, a ce kowa ya je kan dutse ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu horarwa suna da wata ƙa'ida ta kusa, cewa kada a ƙara nisan gudu fiye da kashi 10 cikin ɗari daga mako zuwa mako. Ba doka ce daga sama ba, amma ta fi abin da muke yi nesa ba kusa ba. Muna roƙon hukumar makaranta ta sa shirin gasa ya fara aƙalla mako goma kafin ranar, sau uku a mako, da ranakun hutu a tsakani.

A tuna kuma waɗannan yara ne masu girma. A shekarun da yaro yake yin tsayi farat ɗaya, har wandonsa ya ɗage, ƙashi yana riga nama da jijiya tsawo, kuma wuraren da ƙashi yake tsiro ba su gama ƙwari ba. Shi ya sa 'yan aji ɗaya zuwa uku suke yawan kuka da wani ƙullutu mai zafi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko ciwo a bayan diddige. Ba ragwanci ba ne. A nan ne muke so mu yi wa shugabannin ɗalibai da wasu malamai magana cikin ƙauna: tsallen kwaɗo da zagaye fili a matsayin horo ya kamata su ƙare. Wanda ya makara zuwa sujada a ba shi tsintsiya ko fartanya. Gwiwarsa ba ta yi laifi ba, kuma yaron da aka saba hukunta shi da gudu ba zai taɓa son gudu ba.

Batun takalmi gajere ne. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaƙi a Roma a 1960 ba takalmi, ya sake ci a Tokiyo a 1964 da takalmi. Yaron da ya saba gudu ƙafa ba kome a kan ciyawa ko rairayi, babu laifi, in an tsince ƙaya da kwalba. Abin da yake cutarwa shi ne canji kwatsam, da kambas ɗin gwanjo da wani ya riga ya cinye gefe ɗaya, da wanda aka sayo da girma "don ya yi shekara uku" aka cusa takarda a gaba, da aron takalmi mai ƙusa da safiyar gasa. Iyaye, in kun zo ziyara, ku juya takalmin ɗanku ku dubi ƙasansa. In ɗaya ya ci fiye da ɗayan ƙwarai, ku gaya mana.

Ga ɗalibai kuwa, ku koyi bambanta ciwo da ciwo. Tsamin jiki da ya bazu a cinya ko sha-raɓa bayan aiki, wanda yake sakewa in jiki ya ɗumama, ya wuce cikin kwana biyu ko uku, wannan na sabo ne. Amma ciwon da za ki iya nuna shi da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wanda yake ƙaruwa in kina gudu, ko yake sa ki ɗingishi, ko kumburi, wannan a tsaya ne, a je wurin nas. Tsagar ƙashi irin wannan sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko cikin makonnin farko, don haka kada a ce tun da hoto bai nuna ba a koma fili. 'Yan mata masu yawan gudu da ba sa cin abinci sosai, musamman in al'adarsu ta ɗauke, ƙashinsu ya fi saurin tsagewa, sai su gaya wa uwar ɗakin kwana ba tare da kunya ba. Mai sikila ko asma kuma kada ya ɓoye don son gida ya ci kofi.

Wani zai ce mu ba ƙwararru ba ne, malaman aji ne aka ɗora wa wasanni. Haka ne. Amma akwai wata makarantar mishan irin tamu a garin Iten na ƙasar Kenya, St. Patrick's, inda wani ɗan mishan daga Ayalan, Brother Colm O'Connell, ya je a 1976 don koyar da labarin ƙasa. Bai san kome game da horar da 'yan tsere ba. Ya koya ne ta tsayawa a bakin fili yana kallon ɗalibai, yana sauraronsu. Peter Rono, wanda ya ci zinariya a mita 1,500 a Olamfik ta 1988, a makarantar ya yi karatu. David Rudisha, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 da minti 1 da daƙiƙa 40.91 a Landan a 2012, a hannunsa ya sami horo. Ba mu ce za mu fitar da Rudisha ba, ko da yake ƙasar da ta haifi Mary Onyali da Falilat Ogunkoya da Chioma Ajunwa, waɗanda suka ɗauko lambobi a Atlanta a 1996, da Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya a 2022, ba ta rasa iri ba. Abin da muka ɗauka daga Iten shi ne cewa haƙurin kallo aiki ne da malamin labarin ƙasa ma zai iya.

Dattawan ikilisiya sun sha yi mana wa'azi daga wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, inda ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere, inda kuma ya koyar cewa jikin mai bi ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun fi riƙe na farkon ranar gasa, mu manta da na biyun. Iyayen da suka kawo mana yaro da ƙafa biyu lafiyayyu amana suka ba mu, kuma yawancin yaran nan da ƙafafun za su koma gona lokacin hutu, su je rafi, su yi tafiyar kasuwa.

Abin da muke nema daga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai bai taka kara ya karya ba: tifa ɗaya ta rairayi, safiyar Asabar biyu a farkon zango na biyu, littafi guda da za a rubuta sunan kowane mai gudu da yawan takunsa da inda ya taɓa yin ciwo, da izini a rubuce cewa in nas ta ce yaro ba zai yi gudu ba, babu shugaban gida ko malamin gida da zai sa shi. Ɗalibar da muka ba ku labarinta ta ajiye sanda, ta fara sassarfa a kan ciyawa minti goma-goma. Ta ce a ba ta riƙon littafin, mun kuwa amsa mata.